Kafin ka yanka wa tsohon Seiko farashi, a buɗe bayansa

Tambaya: Ina sayar da agogunan hannu na gwanjo, kuma na sari tsofaffin Seiko marasa batir. Masu saye ta intanet sun dame ni da tambayar masana'antar da ta ƙera injin. Yaya zan gane, kuma shin hakan yana taɓa farashi?

Amsa: Alhaji, yana taɓa shi ƙwarai, domin masu tara tsofaffin agoguna asali suke biya wa kuɗi. A shekarun 1960 da 1970 masana'antu biyu ne suke ƙera wa Seiko inji, suna kuma gogayya da juna: Suwa Seikosha a lardin Nagano, da Daini Seikosha a unguwar Kameido ta Tokyo. Tambarin Suwa ya yi kama da guguwa, na Daini kuwa kamar walƙiya, kuma sau da yawa za ka gan shi ɗan mitsitsi a fuskar agogon sama da ƙarfe shida, ko a murfin baya.

Sai dai tambari kaɗai bai isa hujja ba. A murfin baya akwai lamba mai kashi biyu, kamar 6309-7040, inda huɗun farko suke nuna samfurin inji, na ƙarshen kuma samfurin gidan agogon. Injin 6119, 6139 da 6309 na Suwa ne, 7009 kuwa na Daini. Ka sa mai gyara ya kwance murfin, ka ɗora gilashinsa mai ƙara girman abu a ido, ka tabbatar lambar da aka zana a jikin injin ta yi daidai da huɗun farko na lambar murfi da na wadda ke can ƙasan fuska. Idan suka saɓa, agogon haɗe-haɗe ne, kuma irinsu sun yi yawa a kasuwa, musamman masu sabon fenti da ake haɗawa a Indiya.

Akwai kuma lambar siriyal mai gurbi shida ko bakwai: gurbin farko lambar ƙarshe ce ta shekarar da aka ƙera agogon, na biyu wata, inda O, N da D suke nufin Oktoba, Nuwamba da Disamba. Tun da an ƙera 6309 ne daga 1976 zuwa 1988, wanda lambarsa ta fara da 1N na Nuwamban 1981 ne. Kada kuma ka ɗauka kowane Seiko daga Japan ya fito, don an haɗa wasu a Hong Kong, injin 7S26 da ya zo a 1996 ma an yi da yawansa a Singafo da Malesiya.

Ka ware waɗanda lambobinsu suka yi daidai, ka ɗauki hoton injin kowanne a buɗe, ka sa kuɗin wanki da mai cikin lissafi kafin ka yanka farashi. Fuskar da ta koɗe ka bar ta yadda take, fenti rage mata daraja yake yi. Sauran ka sayar wa masu ɗaurawa yau da kullum, ka faɗa musu haɗe-haɗe ne, domin agogo ɗaya da aka dawo maka da shi daga waje zai iya cinye ribar da yawa a kuɗin aike.