Tambaya da Amsa: Ban Taɓa Riƙe Linzamin Kwamfuta Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe na sakandare a wani ƙauye kusa da Malumfashi. Bana zan zana jarrabawar JAMB, ga shi ana ta cewa WAEC ma ta koma kwamfuta. Makarantarmu kwamfuta biyu ce da ita, ɗaya a ofishin shugaba, ɗayar kuma ta mutu tun bara. Karatu kam ina yi, amma ko linzamin kwamfuta ban taɓa riƙewa ba, tsoro har barci yake hana ni. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kwantar da hankalinki. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina raka ɗalibaina cibiyar jarrabawa, kuma ban taɓa ganin wanda linzami ya kayar ba. Agogo dai, shi kam ya sha kayar da yara masu ƙwaƙwalwa.

Tun 2015 JAMB ta daina takarda gaba ɗaya, kuma ta san akwai irinku da yawa, shi ya sa ta tsara abin yadda ko ba linzami za ki gama. Amsa za ki zaɓa? Danna A, B, C ko D a maɓallan rubutu na kwamfutar. N ta kai ki tambaya ta gaba, P ta dawo da ke baya. S ita ce ta miƙa aiki, sai ki yi nesa da ita har ki kammala. In kin iya tura saƙo a wayar yayanki, wannan ba zai ɗauke ki yini guda ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Ki raba da kanki, kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu. Akwai wani ɗalibina, gwani ne a Kimistiri, duk ajin shi ake tambaya. Ya fito yana share hawaye da hularsa. Wata tambayar lissafi ce ta tsaya masa a wuya, ya rantse sai ya ga bayanta, ya ɗago kai ya tarar minti bakwai sun tafi. Tambayoyi sama da ashirin ya bari bai ko karanta ba, kuma da muka duba irinsu a gida, yawancinsu ya san amsarsu. Tun daga ranar nake cewa yarana: wadda ta yi miki gardama, danna N ki wuce, kya dawo mata in lokaci ya ragu.

Abu na biyu, karatu a fuskar kwamfuta daban yake da na littafi. Ba ja layi a ƙarƙashin kalma, ba bin sahu da yatsa, ido kuma yakan gaji, musamman a dogon nassin Turanci. Maganinsa sabo. Ki yi rajistar jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gasken. Ba dole ba ce, amma a wurinki ni na mayar da ita dole. Sannan ki roƙi Baba ya kai ki shagon kwamfuta a cikin gari ko sau uku ne, ki amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanki, awa biyu cur, ba tashi shan ruwa.

Batun WAEC kuwa, ta fara gwada kwamfuta ne a farkon 2024 da masu zanawa a ƙashin kansu, ba ta hannun makaranta ba. A wancan tsarin, tambayoyin zaɓi a kwamfuta ake amsawa, na dogon bayani kuma a karanta a fuskarta a rubuta a takarda. Don haka kada ki ajiye biro. Ki tambayi shugaban makarantarku wane tsari aka sa ku bana, ki bar jita-jitar WhatsApp.

Af, saura kaɗan in manta. Da zanen yatsa ake tantance ku, wurin rajista da ƙofar shiga, kuma lalle yana iya hana na'urar gane yatsa. In akwai biki a gidanku kusa da lokacin, ki ba mai ƙunshi haƙuri, ta yi wa ƙafa kawai.