Amsa Kan Ɓatan Ɗaliba Maura Murray

Malam, ka tambaya ko hasashen da jama'a ke yi a intanet, cewa Maura Murray ta gudu ne ta sake rayuwa a Kanada, yana da tushe. A ganina ba shi da ƙarfi.

Abin da aka tabbatar shi ne, ranar 9 ga Fabrairu, 2004, wannan ɗaliba mai shekara 21, wadda ke koyon aikin jinya a Jami'ar Massachusetts da ke garin Amherst a Amurka, ta aika wa malamanta saƙon cewa an yi rasuwa a danginta, alhali ba a yi ba. Ta ciri dala 280 daga asusunta na banki, ta nufi arewa, motarta ta kauce hanya a Haverhill ta jihar New Hampshire da daddare. Wani mazaunin wurin ya yi mata tayin taimako ta ƙi, kuma kafin 'yan sanda su iso ta ɓace. Kuɗin da ta cira ba ya isa mutum ya kafa sabuwar rayuwa a wata ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda masu hasashe suka riƙa ɗora wa mazauna yankin da danginta zargi ba tare da hujja ba, suka ƙara wa iyalan da ke cikin baƙin ciki wani nauyin.