Kamannin fure bai isa hujjar dangantaka ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kamannin fure ya isa hujjar cewa tsirrai biyu dangi ne. Bai isa ba, domin zama a muhalli iri ɗaya yakan sa tsirran da ba su haɗa jini ba su ɗauki siffa ɗaya. Dubi bado da lotus na Asiya: dukansu na ruwa ne, masu faffaɗan ganye da babban fure, har masana suka daɗe suna ɗaukarsu 'yan gida ɗaya. Da aka kwatanta ƙwayoyin gadonsu, sai ta bayyana cewa lotus ya fi kusa da Platanus, wata babbar bishiya da ke girma a kan ƙasa ba cikin ruwa ba, shi kuwa bado reshensa ya rabu tun farkon tarihin tsirrai masu fure. Irin wannan shaidar, wadda ni ma na fi amincewa da ita, ta sa aka sake tsara iyalan tsirrai a 1998.