Tambaya da Amsa: Zaman nutsuwa yana rage ciwon baya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni manomin shinkafa ne a yankin Auyo, shekaruna 54. Yau shekara uku ke nan ina fama da ciwon baya. Ɗana ya kawo mini agogon hannu daga Kano, ya ce lambar da ke auna bambancin tazarar bugun zuciyata ta yi ƙasa, wai in riƙa zama ina lura da numfashi, ciwon zai ragu. Da gaske ne, ko zancen yaran zamani ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Maganar ɗanka tana da tushe, sai dai ya ɗora wa agogo nauyin da ba nasa ba.

Zuciya mai lafiya ba ta bugawa ƙis-ƙis daidai kamar agogon bango. Ko da bugu 60 take yi a minti, wata tazarar takan ɗan gaza daƙiƙa ɗaya, wata ta ɗan zarce. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ƙarƙashin babban yatsa: idan ka ja numfashi bugun yakan ɗan yi sauri, idan ka saki ya ja baya. Mai wannan aikin wata jijiya ce da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya, likitoci suna ce mata bagus, ita ce birkin jiki. Ciwon da ya daɗe yakan bar jiki a ɗarare, birkin ya yi sanyi, lambar ta sauka.

Zaman nutsuwa, wato zama ana lura da numfashi, ya shiga asibiti a 1979, lokacin da wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe shirin mako 8 a Jami'ar Masacusets ta Amurka, kuma masu ciwo mai naci suna cikin waɗanda ya fara da su. Abin da aka fi gani shi ne raguwar damuwar da ciwo ke jawowa: kana jin sa, amma ba ya cin ranka kamar da. Sauƙin matsakaici ne, ba ya gyara ƙashi.

Bayan sallar Asuba, kafin ka tafi fadama, ka zauna ka jingina da bango. Ja numfashi ta hanci daƙiƙa 4, saki a hankali daƙiƙa 6. Numfashi 6 ke nan a minti, kuma a nan ne bambancin tazarar bugun zuciya ya fi ƙaruwa. Minti 5 a makon farko, sannan 10 zuwa 20. Hankali zai gudu wajen taki da kuɗin fetur na injin ban ruwa. Ka dawo da shi kan numfashi ba tare da faɗa da kanka ba. Idan ciwon ya motsa, ka lura da inda yake da yadda yake, zafi ne ko suka, kada ka ƙanƙame jiki. Mafi yawan masu kuka da jiri zuƙar iska suke yi da ƙarfi har su fitar da iskar kabon fiye da kima. A sassauta.

Ita kuwa lambar, tana raguwa da shekaru, don haka kada ka gwada taka da ta ɗanka. Rashin barci, zazzaɓi da ƙishirwa duk suna saukar da ita. Ka auna da farkawa, kafin shayi ko goro, ka dubi tafiyarta ta mako biyu zuwa uku.

Bugun da ya rikice ba tsari, tare da haki ko jiri, ba alheri ba ne ko da lambar ta haura; wannan sai gwajin zuciya a asibiti. Haka nan ciwon bayan da ya zo da mutuwar ƙafa, kasa riƙe fitsari, zazzaɓi ko rama, kada a kwana da shi a gida. Maganin da likita ya rubuta maka kuma ka ci gaba da sha har ku sake ganawa.