Amsa kan bishiyar dangi da lissafin 2/3

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ƙanwata, na saurari muryarki ta daren jiya, inda kika ce a jarrabawar gwaji an ba ku zanen bishiyar dangi mai amosanin jini, an tambayi yiwuwar yarinya mai lafiya ta zama AS (mai ɗauke da gadon ciwon amma ba ta da ciwon), kin rubuta 1/2, malami ya ce 2/3 ne.

Kafin ki taɓa lissafi, ki nemi abu ɗaya a zanen, wato iyaye biyu masu lafiya da suka haifi ɗa mai ciwo. Murabba'i namiji ne, da'ira mace, wanda aka cike da baƙi shi ne mai ciwon, layi biyu tsakanin miji da mata kuma auren zumunci ne. Da zarar kin ga baƙin murabba'i ƙarƙashin farare biyu a zanen amosanin jini, to uwa da uba duka AS ne, kuma kowane ciki yana da 1/4 na SS (mai ciwon), 1/2 na AS, 1/4 na AA (wanda bai gaji ciwon ba sam). Ina nanata kowane ciki, domin a nan Damagaram na taɓa zama da wata uwa mai 'ya'ya uku a jere duka SS, ina zana mata gidansu a bayan takardar magani, tana tambayata yaya aka yi kason bai tsallake ko ɗaya ba. Cikin baya ba ya rage wa na gaba komai.

Kuskurenki shi ne kin manta an riga an faɗa miki yarinyar lafiyarta lau. SS ya fita ke nan, saura kaso uku, biyu daga ciki AS, shi ya ba da 2/3.

Gidajenmu masu mata biyu ko uku ma suna sauƙaƙa karatun nan. Idan SS ya bayyana a ɗakin uwargida, mijin, in lafiyarsa lau, AS ne tabbas, amma rashin ganinsa a ɗakin amarya bai isa ki rubuta mata AA ba sai an yi gwajin jini.

Idan kuwa galibi maza ciwon yake kamawa, kamar hemofiliya (ciwon da jini ba ya saurin tsayawa in an ji rauni), ki duba kawunnan yaron na wajen uwa, domin ta ƙwayar gado ta X yake bi, wadda namiji ke samu daga uwa, uba kuwa Y yake ba ɗansa namiji. Ki turo hoton zane na biyu da kika ambata, in sha Allah mu warware shi tare bayan isha'i.