Amsa ga mai tambaya kan ragowar abinci a benen ofisoshi

Malam, ka ce benenku na unguwar PZ a Zariya ofisoshi shida ne, mai gidan kuma yana neman takardar shaidar gini mai kiyaye muhalli, shi ne kake son dabarar rage abincin da ake zubarwa. Na shekara huɗu ina kula da irin wannan gini a Sabon Gari.

Fara tambayar Alhajin wace takarda yake so. EDGE, ta hukumar IFC da ke ƙarƙashin rukunin Bankin Duniya, wuta da ruwa da kayan gini take dubawa, tana son a rage kowanne da kashi 20 cikin 100. Ba ruwanta da shinkafar da kuka zubar. LEED ta Amurka ce ke lissafin sharar ginin da ake aiki a ciki, ita kuwa rubutu take so, ba "wallahi mun rage" ba.

Mu sikeli mai ƙugiya muka saya, muka ware bokiti guda na abinci kawai. Kullum bayan La'asar mai shara ya auna, ya rubuta a littafi. Kada ka fara awon nan da azumi, lissafin zai ruɗe ka.

Wata guda ya nuna mana ɓarawon. Ashe ba masu zuwa da kula daga gida ba ne, su ko ƙanzo ba sa bari. Abincin taro ne. A yi odar mutum hamsin don gudun kunya, talatin su zo, sauran robobin su kwana a ƙarƙashin tebur. Da zafin watan Afrilu na Zariya, shinkafa mai haɗin kabeji ba ta kai Magariba. Sai muka daidaita da mai dafa mana: ƙarfe goma sha ɗaya a ƙirga kawuna, a buga mata waya, sannan ta zuba. Masu ofis biyu suka ce rowa ce, har suka ga kuɗin ya ragu.

Abin da ya yi saura mai kyau, nan take ake miƙa wa almajiran makarantar allo ta bayanmu, da zafinsa. Wanda aka taɓa kuwa wata dattijuwa mai kiwon kaji ke kwasa ta shanya, sai dai a tsame mata leda da tsinken tsire. Shi ma a auna a rubuta.

Firij ne ya fi ba ni wahala, don ana kashe janareta da an tashi. Duk Juma'a kafin masallaci nake buɗe shi, kowa ya ɗauki nasa.