Da gaske ne Afirka za ta rabe gida biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ana ta yaɗa hoton wani wawakeken rami da ya datse titi a Kenya, wai Afirka ce ta fara rabewa. Me ke tsaga ƙasa haka, kuma abin zai iso mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rabewar gaskiya ce, amma hoton nan ba shi ne hujjarta ba. Ramin ya buɗe ne a Mai Mahiu cikin Maris 2018, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kuma masana da dama sun ce ruwan ne ya zaizaye tsohuwar tokar aman wuta da ke ƙarƙashin titin.

Ka taɓa ganin ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke? To haka ɓawon duniya yake, manyan falle-falle ne da masana ke kira farantan ƙasa. Ƙarƙashinsu dutse ne mai tsananin zafi. Ba ruwa ba ne, amma yana malalawa sannu a hankali kamar kwalta a zafin bazara, farantan na tafiya a kansa. A bakin ɗinkin nan ake yin komai. Inda biyu suka yi karo, ƙasa ta tattare ta yi sama, kamar yadda Indiya ta daki Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce aka samu tsaunukan Himalaya. Inda suke gogar juna kuwa, sai su sarƙe, ranar da suka suɓuce a yi girgizar ƙasa irin ta Turkiyya da Siriya a Fabrairu 2023, wadda ta ci rayuka sama da 50,000.

A gabashin Afirka kuwa, farantan ja da baya suke yi daga juna. Zafi daga ƙasa ya kumbura ɓawon, ya miƙe, ya sirance, tsakiyarsa ta lotsa ta zama dogon kwari daga Habasha har Mozambik. Tafkin Tanganyika mai zurfin mita 1,470 a cikinsa yake kwance. In hujja kake so, ka nufi yankin Afar na Habasha: a Satumba 2005 narkakken dutse ya kutso daga ƙasa ya tsaga wurin tsawon kusan kilomita 60, wani wajen ya buɗe har mita 8. Bahar Maliya da alhazanmu ke ƙetarewa ma haka ta fara, lokacin da yankin Larabawa ke maƙale da Afirka.

Sai dai ka kwantar da hankalinka. Tazarar ba ta wuce milimita 6 zuwa 7 a shekara, farcenka ya fi ta saurin tsiro. Kafin teku ya shiga sai an yi miliyoyin shekaru, in ma tsagar ba ta mutu a hanya ba.

Tana kuwa mutuwa, kuma shaidar na gida. Sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Kudancin Amurka ke ɓallewa daga Afirka, wani reshen tsagar ya shigo Nijeriya ya tsaya, yashi da laka suka cike shi. Shi ne kwarin da Kogin Binuwai ke bi yau, ta Yola da Makurɗi har Lokoja.